Mai Canjin Kaka Tana Hanya

Zuwa ga ƙanwata Tela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta. Mu nan ƙalau muke, sai ƙaramin yaron da mura ta kama, shi ma ya fara warwarewa. Ki gaida min Kawu da iyalinsa.

Na ga gara in rubuto miki, don duk sanda na kira ki a waya ko dai ki sa min kuka, ko ki ce akwai mai awon ɗinki a gabanki, ni kuma hutun da ake ba mu a wurin aiki bai kai na shan ruwa ba.

Ga abin da ake ciki. Ƙungiyar tsofaffin nas-nas na asibitin da Kaka ta yi aiki sun shirya taron tunawa da ita ƙarshen wata mai zuwa. Za su rataya hotonta a ɗakin majinyata mata, inda ta yi shugabanci har ta yi ritaya. Sun ce mutum ɗaya daga dangi ya yi magana, Kawu ya ce ni, tunda cikin jikokinta ni kaɗai na gaje ta a aikin. Na nemi hutu an ba ni. Kin san ban samu zuwa jana'iza ba, abin yana ci na har yau, wannan karon kam ko da rarrafe sai na zo.

Da na zauna zan tsara abin da zan faɗa sai na ga duk na yarinta nake tunawa. Yadda take jera mu ta duba farcenmu kafin a ba mu abinci. Yadda take murza tafin hannunta ya yi ɗumi kafin ta taɓa mara lafiya. Da alfaharin nan nata da ba ta gajiya da maimaitawa, wai tunda ta riƙe ɗakin mata ba majinyaciyar da ta taɓa yin gyambon kwanciya, don juya su ake yi ko suna so ko suna zagi. Ke kika zauna da ita shekarun ƙarshe. Ki rubuto min abin da kike tunawa, mai daɗin ji, wanda za a iya faɗa a gaban manya. Kada ki cika surutu, na san halinki.

Sai kuma abu ɗaya. Ta ambace ni kuwa kafin ta cika? Me ta ce?

Yayarki.

*

Yaya,

Na ga takardarki, na gode. Haƙuri ya zama dole. Ina fatan yaro ya miƙe. Ni lafiyata lau, sai bayan nan da ya ƙi saki tun ina ɗaga Kaka. Kawu yana amsawa, matarsa ma tana amsawa daga nesa, kamar yadda ta yi jinyar daga nesa.

Kin ce kada in cika surutu, to ki yi haƙuri, ke kika taɓo ni.

Ki faɗa musu Sista, kamar yadda suke kiran Kaka, ba ta taɓa yin ritaya ba, takarda kawai aka ba ta. Har jikinta ya fara ƙi, ƙofarmu ba ta rabo da mutane. Mai yaro da zazzaɓi, wanda ya yanke da wuƙa, amaryar da ke tsoron cikin fari. Ta duba, ta wanke, ta ɗaure, sannan ta yi musu faɗa kyauta. Akwai mai walda na kan kwanarmu da ya zo da ƙuna a hannu ya shafa mata man inji. Ta kalle shi ta ce, "Kai mota ne?" Har yau 'yan unguwa Mota suke kiransa, shi ma yana amsawa. Ranar rasuwarta ya fi kowa kuka.

Ki faɗa musu cokulan gidanmu sun sha tafasa har sun dushe. Ki faɗa musu ni da nake ɗinka zanen gado ban taɓa shimfiɗa shi ta ce ya yi ba, sai ta yaye ta ce in sake, wai kusurwar kamar kunnen akuya. Kuma in za ta yi wa yaro allura sai ta ce, "Kai, dubi ƙadangaren can ya sa hula!" Kafin ya juyo an gama. Ke ma an yi miki, ni ma an yi min, kuma kullum sai mun duba.

Da kakkausar murya take faɗa, amma ni na san lokacin da uwata ta rasu ita ta ɗauke ni ta sa a gadonta, ta bar hannunta a bayana har na saba da rashin. Ina kewarta ƙwarai, Yaya. Gidan ya yi min girma.

Ki sa a ajiye min kujera a wurin taron. Na sayi yadi mai ruwan toka, zan ɗinka abin da ba zai ba ki kunya a gaban manyanki ba. Ba magana zan yi ba, hoton kawai nake son in ga an rataya.

Tambayarki ta ƙarshe, ki bar ta sai kin zo.

Taki, Tela.

*

Tela,

Ina fatan kina lafiya. Yaro ya warke.

Na jinkirta amsa ne don da na rubuto a ranar da na ji abin da na ji, da takardar ba ta karantu ba.

Nas ɗin da aka kira ta duba Kaka a kwanakinta na ƙarshe ajinmu ɗaya a makaranta. Na kira ta in yi mata godiya, sai ta yi ta kame-kame, da na matsa ta faɗa min. Gyambo, Tela. Ta ce da ta buɗe sai da ta kau da kai, ita da ta ga abubuwa. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana juya bayin Allah da ba ta haɗa komai da su ba, ita ce ta ruɓe a gidanta, a hannun wadda ta raina. Gyambo ba ya fitowa rana ɗaya. Barin mutum ake yi wuri guda, a tafi sabgar gaba. Na san ƙarar keken ɗinkinki ba ta bari a ji kira.

Kuma kika iya zama kina rubuto min labarin ƙadangare da hula.

Kada ki ce an bar ki ke kaɗai. Me kika nema ban yi ba? Magani na aiko, katifar asibiti na aiko. Da kika kira ni kina cewa ƙwaƙwalwarta ta juye, ta ɗauka gidan asibiti ne, tana ta tambayar nas ɗin da za ta canje ta, ban gaya miki yadda muke yi da irinsu ba? Na ce kada ki yi musu da ita, ki ce mata mai canjin tana hanya. Ke da bakinki kika ce min ta daina rigima. Abin da ya rage miki juyawa ne kawai, wanda ko yaro aka nuna masa sau ɗaya zai iya.

Na gaya wa Kawu, don ɗanta ne, haƙƙinsa ne ya sani. Mun yi shawara ba za ki zo taron ba. Matan nan sun yi aiki a ƙarƙashinta, labarin kuma ya fara zagawa a tsakaninsu. Ba zan tsaya ina yabon Sista ke kina zaune a layin gaba da sabon ɗinki ba. Yadin ki ɗinka wa wata.

Yayarki.

*

Yaya,

Lafiya lau, in ana kiran wannan lafiya.

Kawu ya zo ya tsaya a tsakar gida, ko zama bai yi ba. Ya ce da ya san haka ne da bare ya ɗauko ya biya. Na buɗe baki ya ɗaga min hannu, ya ce ma'aikaciyar asibiti ta yi magana, me tela za ta ƙara. Matarsa kuwa ta samu abin yi, gida-gida take bi. Mata biyu sun aiko an karɓe musu yadinsu ba a ɗinka ba. Mota ya wuce ni a hanya ya sunkuyar da kai.

Ba haka abin yake ba. Na kira ki ba kya ɗagawa. Don girman Allah ki ɗaga, ko ki ce wa Kawu ya dakata har ki ji ta bakina.

Tela.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na jira amsarki har na gaji, taro kuma yana matsowa, to ga shi a rubuce. In kin ga dama ki karanta.

Katifarki tana nan sabuwa fil, ki aiko a ɗauka. Kaka ba ta yi kwanciyar da za a juya ta ba. A zaune ta yi gyambon.

Kin tuna kujerar katakon nan mai hannu da ke bakin ƙofar falo? Tun da kanta ya juye, da yamma ta yi sai ta sa in ɗaura mata farin ɗankwali, ta maƙala agogonta a ƙirji, ta dafa bango ta zaga ɗakuna. Gadona majinyaciya ce, doguwar kujera majinyaciya ce, har buhun yankakkun ƙyallayena sai ta tsaya a kansa ta ce a ƙara masa ruwa. In ta gama sai ta zauna a kujerar nan tana fuskantar ƙofa, ta ce aikinta ya tashi, saura mai canji ta zo ta miƙa mata. Da farko nakan ce, "Kaka, gida ne nan, ba mai zuwa." Sai ta yi ta faɗa, ta jefe ni da kofi, ta yi kuka, amma in ta gaji takan bari in kai ta gado. Wannan rigimar ce na kira ki a kanta.

Kika ce in ce tana hanya. Na faɗa. Kamar an zuba ruwa a wuta, ta gyara zama, ta ce, "To madalla, yarinyar kirki ce, jikata ce ai." Ke take nufi. Na yi murna, na kira ki na ce ta daina rigima, ban yi ƙarya ba.

Abin da ni da ke muka manta shi ne wace ce muke yi wa wannan dabara. Wata tsohuwar in an ce mata ana hanya sai ta yi barci. Sista kuwa tunda aka ce mai canji tana hanya, ba mai ɗaga ta daga bakin aiki. Ke kin fi ni sanin dokar, ita ta koya miki, ba a barin majinyata sai an miƙa su hannu da hannu. A kujerar take ci, a nan take gyangyaɗi, a nan gari yake waye mata. In na zo ɗaga ta sai ta ƙanƙame hannun kujerar, ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce so nake a kore ta daga aiki. Banɗaki kaɗai ke tashinta, shi ma tana sauri tana waiwaye. Na sa matashi ta jefar. Na ɗinka mata wani mai rami a tsakiya, ta ce na majinyata ne, ita ba majinyaciya ba ce. Ƙafafunta suka kumbura kamar an hura. Wurin da ya fashe kuwa ta hana ni gani, wai ita za ta wanke abinta, sai da wari ya tona.

Har wauta na yi. Na zauna na ɗinka farar riga irin taku da hula, na fita ta baya na shigo ta ƙofar gaba na yi sallama, na ce Sista na zo karɓar aiki. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce in miƙo hannu. Ta juya yatsuna ta ga kantar almakashi, ta ce, "Je ki cire kayan mutane kafin in sa a kama ki." Matar da ta manta sunan ɗanta ba ta manta wannan ba.

Za ki ce me ya sa ban koma gaya mata gaskiya ba. Na gwada, sai ta ce ƙarya nake, ai ni na ce tana hanya, jikarta kuma ba ta saɓa alkawari. Za ki ce me ya sa ban gaya miki ba. Na ce miki ki zo ko na kwana biyu ne, ke take jira. Kika ce duk masu irin ciwon haka suke, ana ƙarancin ma'aikata, sai an ba ki hutu. Ga shi yanzu an ba ki.

Ban ce ke kika kashe ta ba. Shawara kika bayar irin wadda kuke bayarwa, ni kuma bakina ne ya yi ta maimaita ta. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki kira Kawu ki ce masa ba yasar da ita na yi ba. Maganarki yake ji. Ki yi kafin taron, don in shiga wurin da fuskata.

Tela.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na dawo gida lafiya, sai gajiyar hanya. Ya bayan naki? Ki riƙa gasa shi da ruwan ɗumi.

Taro ya yi kyau ƙwarai. Ɗakin ya cika har wasu na tsaye. Da na ba su labarin mai walda sai da aka yi dariya har da masu share hawaye, na ƙadangaren kuwa wata tsohuwa ta ce ita ma Sista ta koya mata. Hoton da aka rataya wanda take da hula ne. Ban samu leƙowa gidan ba, kwana ɗaya na yi, kuma a wurin Kawu na sauka.

Takardarki ta same ni kafin in taso. Na karanta, na sake kiran ƙawar tawa, ta ce ƙwarai a mazaunai ne da bayan cinya, ba a kafaɗa ko gadon baya ba. Na gane abin da hakan yake nufi. Ban yi barcin kirki ba tun ranar.

Amma ki duba min, Tela. Ina Kawu yake da zurfin da zai fahimci wannan? Abin da zai ji kawai shi ne nas ta ba da shawarar da ta kashe uwarsa. Matarsa ta ji, gari ya ji, ya koma kunnen matan da na tsaya a gabansu. Ni da wannan aikin nake ci da yarana, sunana shi ne jarina. Ke ba wanda zai hana ki taka keke don an ce kin yi sakaci. Surutu ne, za su yi su gaji. Na ce wa Kawu a bar maganar haka, kin yi iya ƙoƙarinki gwargwadon saninki, ya ce shi ke nan. Ina ganin wannan ya wadatar. Abin da kika rubuto ya tsaya tsakaninmu, mu 'yan uwa ne.

Zan aiko miki da yadi masu kyau in an samu mai zuwa.

Har yanzu ba ki ba ni amsa ba. Na san ta jira ni, wannan zan mutu da shi. Amma a ƙarshen ƙarshe, da aka kwantar da ita, ta ce wani abu a kaina? Ki taimake ni da shi, ko kalma ɗaya ce.

Yayarki mai ƙaunarki.

*

Yaya,

Muna lafiya. Bayan da sauƙi, tunda yanzu ba wanda nake ɗagawa.

Na ji an yi dariya, na ji daɗi. Gwargwadon sanina, labaran masu kyau ne.

Kada ki damu, ba zan je wurin Kawu ba. Na je sau ɗaya bayan takardarki, matarsa ta ce yana hutawa, ina jin tarinsa a falo. Na samu shago da ɗaki a wata unguwa inda ba wanda ya san Sista balle ya san ni. Wata mai kamawa zan kwashe. Yadinki ki riƙe.

Kin yi ta tambaya, ni kuma na yi ta kaucewa don ina jin tausayinki. Yanzu ya ƙare, ga amsarki.

Ba kwantar da ita aka yi ba, ita ta kwanta. Wata safiya na kawo mata ruwan wanke fuska na same ta idonta tar, irin na da. Ta dubi ƙofa, ta dubi agogon, ta ce, "Tela, gaya min tsakaninki da Allah. Yarinyar nan tana zuwa?" Rabon da ta kira ni Tela har na manta. Na durƙusa na ce, "Ba ta zuwa, Kaka. Ba ta taɓa tasowa ba."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta cire agogon da kanta ta ajiye a hannun kujera. Ta ce, "Ashe ban koya mata komai ba." Sannan ta ce, "In ta zo daga baya, kada ki ba ta majinyatana. Ba nas ba ce." Ta miƙo min hannu ta ce in kai ta gado. Daga ranar ba ta ƙara tambayarki ba, ko sau ɗaya, har ta cika.

Za ki iya cewa ciwo ne ya yi magana, ke kika san sunayen waɗannan abubuwa. Ni dai na ga idonta.

Wannan ma ya tsaya tsakaninmu, mu 'yan uwa ne. Ba sai kin amsa ba, ban bar wa kowa adireshin sabon wurin ba.

Tela.